Shawara: Hajiya ta ce in ƙona littattafan Indiyan da na saya wa yarana

Wata ƙanwarmu daga Kano ta rubuto min, ta roƙi kar in saka sunanta, toh bazan saka ba. Ga abinda ta ce a taƙaice:

"Anti barka da war haka. Mijina Ba'indiye ne musulmi ɗan garin Haidarabad, yana aiki a wani kamfani anan Kano, shekararmu 8 da aure, yaranmu biyu, mace mai shekara 6 da namiji mai 3 da rabi. Ƙarshen Disamba in Allah ya kaimu zamu je Indiya karon farko su ga kakarsu, zamu yi wata guda. Damuwata yaran basu san komai ba game da dangin babansu, ita babbar ma rannan ta dawo daga makaranta tana kuka wai ana ce mata 'yar Indiya masu bautar saniya, ta ce ita ba 'yar Indiya bace kar wanda ya ƙara ce mata. Shine nayi odar littattafan yara masu hoto guda 6 ta intanet da niyyar mu dinga karantawa muna ɗan yin aikin hannu irin nasu, da suka iso sai naga 4 duk labarin gumaka ne, akwai mai kan giwa akwai mai hannuwa da yawa. Hajiyarmu ta zo ta gani ta ce in ƙona su, wai dama abinda take gudu kenan tun farko. Shi kuma oga sai dare yake dawowa, in na masa magana sai ya ce in sun je zasu gani da idonsu. Anti ya zanyi, in bari ne kawai?"

Ƙanwata sannu, Allah ya raya miki su. Kar ki bari. Niyyarki mai kyau ce kuma hanyar da kika ɗauko ta littafi da aikin hannu ita ce daidai ga yara masu wannan shekarun, inda aka samu tangarɗa kawai shine ƙofar da kika shiga ta ita. Na zauna a Haidarabad shekara uku lokacin da maigidana yake karatu, yarana biyu a can suka fara wayo, don haka da naga sunan garin a saƙonki sai da gabana ya ɗan motsa, wallahi na ji kamar ƙanshin shayinsu ya bugo min hanci.

Bari in fara da kuskuren, don ba ke kaɗai kike yinsa ba. Kin shiga intanet kin nemi littafin al'adun Indiya. Toh Indiya ba abu ɗaya bace da za a ƙunsa a littafi shida. Ƙasa ce mai mutum sama da biliyan 1.4, jihohi 28, harsunan da tsarin mulkinsu ya lissafa kawai 22 ne banda ɗaruruwan da bai lissafa ba, mutumin Kerala da mutumin Kashmir in suka haɗu sau da yawa sai da Turanci ko Hindi zasu fahimci juna, abincinsu daban suturarsu daban har kamanninsu daban. Ki ɗauka ace kece kika auri wani kuka tafi can, sai kakar yaranki ta wajen uba tana so ta nuna musu garin mamansu, ta je ta sayo littafi akan al'adun Najeriya sai aka bata na dodannin bikin wani gari a kudu, ta zauna tana nuna musu tana cewa ga Kano. Ba ƙarya bane cewa Najeriya ce, amma ba gidanku bane. Abinda ya faru da ke kenan. Yaranki ba Indiya gaba ɗaya suke buƙatar sani yanzu ba, gida ɗaya suke buƙatar sani, a unguwa ɗaya, a gari ɗaya, inda wata tsohuwa take zaune shekara shida tana kallon jikarta a waya bata taɓa shafa kanta ba. Daga nan zaki fara, sauran Indiyar zata biyo baya a hankali in sun girma.

Maganar Hajiya kuwa, don Allah kar ki ɗauke ta a matsayin abokiyar faɗa. Tsoro ne irin na uwa, kuma Indiyar da ta sani ita ce wadda mu duka muka sani tun muna yara, ta fim, inda ake zagaya wuta ranar aure ana kaɗa ƙararrawa a gaban gunki. Babu wanda ya taɓa zama ya gaya mata cewa a ƙidayar 2011 musulmin Indiya sun kai wajen miliyan 172, kashi 14 cikin ɗari na ƙasar, kuma Indiya na cikin ƙasashe uku da suka fi yawan musulmi a duniya tare da Indonesiya da Pakistan. Babu wanda ya gaya mata garin surukinta sarki musulmi ne ya kafa shi, Muhammad Kuli Kutub Shah, a 1591, kuma ginin da ake gane garin da shi wato Charminar akwai masallaci a samansa, a gefensa kuma ga Makka Masjid wanda ranar Juma'a da azumi mutane har titi. Ki nemo hoton sallar Juma'ar ƙarshen Ramadan a wajen ki nuna mata a waya, ba da sigar gardama ba, ki ce Hajiya kalli garinsu baban yara. Ni na ga idon wata dattijuwa ya canza da irin wannan hoton.

Su kuma littattafan huɗu, ra'ayina ba sai an ƙona ba amma ki ɗauke su daga hannun yaran. Dalilina ba tsoro bane kawai, shekaru ne. Yaro ɗan uku da rabi baya rabe tatsuniya da gaskiya, ita mai shidan ma yanzu take gina nata sanin Allah a islamiyya, kuma waɗancan littattafan an rubuta su ne don yaran Hindu su koyi addininsu, kamar yadda muke saya wa namu ƙissoshin annabawa. Ba naku bane, shikenan. In za a karɓa ki mayar, in ba haka ba ki ba oga ya kai wa wani abokin aikinsa Hindu mai yara, zai ji daɗi. Ki kira Hajiya ki ce mata kin fitar da su daga gidan, kar ki tsaya dogon bayani. Ƙonawa a gaban yara kuwa bana so, don yarinyar da dama take jin kunyar rabin jininta in ta ga ana cinna wa abin Indiya wuta a tsakar gida, abinda zata ɗauka shine lallai 'yan ajinsu sun yi gaskiya.

Toh wane irin littafi zaki nema? Na rayuwar yau da kullum. Yarinya zata kasuwa da kakarta, yaro ya ɓata takalminsa a jirgin ƙasa, ruwan damina ya cika layi yara suna sakin jirgin takarda, mai sayar da mangwaro, akuya ta shiga aji, irin waɗannan. Akwai wata ƙungiya a Bangalor mai suna Pratham Books, tun 2004 suke buga littattafan yara masu araha, a 2015 suka buɗe wani dandali StoryWeaver inda dubban littattafai masu hoto suke kyauta, zaki iya karantawa a waya ko ki sauke ki kai shagon masu fotokwafi su buga miki, an kuma jera su mataki mataki daga na masu fara karatu zuwa sama, ki tsaya a mataki na 1 da na 2. Akwai na Turanci akwai na Urdu akwai na Telugu, har ma suna ba mutum dama ya fassara labari zuwa harshensa. In kun isa can kuma ki sa ya kai ki shagon littattafai ki tambayi na kamfanin Tulika da na Tara, duka a Chennai suke, da na National Book Trust na gwamnati masu sauƙin kuɗi. Tulika suna yin masu harshe biyu a shafi ɗaya, wannan zai miki amfani sosai. Sharaɗi ɗaya zan kafa miki, kar littafi ya isa hannun yaro sai kin buɗe shi shafi shafi ke kaɗai, minti biyar ya isa. Kuma ki lura da kalar fatar yaran da aka zana, ki fi zaɓar wanda akwai baƙaƙe da masu duhu a ciki, zan dawo kan wannan.

In zaki karanta musu kar ki tsaya bin Turancin kalma kalma, ki kalli hoton ki basu labarin da Hausa kamar tatsuniya, ki bar su su tsayar da ke. Nan ne abin daɗin yake, don zasu fara gane abubuwa da kansu. Zaki ji ƙaramin ya ce Mama ga adaidaita, sai ki ce eh ai a ƙasar Abbanku ake ƙera ta, Bajaj da TVS duk kamfanonin Indiya ne, can suna ce mata oto. Zasu ga darbejiya a hoto, ki ce musu asalinta daga can aka kawo mana, suna ce mata nim. Mangwaro daga yankinsu ya fito, zogale ma haka, su har 'ya'yansa dogayen nan suke sakawa a miya. Ludo ɗin da kuke bugawa daga wani wasansu ne mai suna pachisi, na maciji da tsani ma daga can yake. Yarinyar da aka sa wa a rai cewa Indiya wani baƙon abu ne abin kunya, sai ta ga ashe Indiyar tana ƙofar gidansu tana bata inuwa.

Akwai kuma tatsuniyoyin dabbobi na Panchatantra, waɗannan tsofaffi ne ƙwarai, su ne aka juya zuwa Farisanci, daga nan Ibn al-Muƙaffa ya mayar da su Larabci a ƙarni na 8 da sunan Kalila wa Dimna, littafin da malamanmu na zaure suka sani. Ki gaya wa Hajiya wannan ma. Wanda yarana suka fi so shine na biri da kada. Biri yana zaune kan bishiya a bakin kogi kullum yana jefo wa kada 'ya'yan itace masu zaƙi, kada yana kai wa matarsa, sai matar ta ce wanda yake cin wannan abu kullum ai zuciyarsa ta fi zuma, ita zuciyar birin take so. Kada ya gayyaci biri cin abinci ya goya shi a baya, sai da suka kai tsakiyar ruwa ya faɗa masa gaskiya. Biri ya ce ayya abokina da ka faɗa min tun farko, ai na baro zuciyar a rataye kan bishiya, mu koma in ɗauko. Suna isa gaɓa ya yi tsalle ya haye. Ki basu wannan da dare ki ga in basu ce a sake ba. Washegari ku yanka kada da kwali, ku zana haƙoran, ku yi birin da safa tsohuwa da maɓalli biyu, su maimaita miki labarin da kansu.

Amma littafin da ya fi duk waɗannan babu shi a kasuwa, ke zaki yi shi. Ki sa oga ya ce 'yan gidansu su turo hotuna ta WhatsApp: kakar tana zaune inda ta saba zama, ƙofar gidan, kicin, saman bene, masallacin unguwa, shagon da ake sayen madara, kowane baffa da gwaggo da 'ya'yansu, da hoton shi kansa yana yaro in akwai. Ki wanke su, ki sayi littafin zane mai kauri da gam, kowane shafi mutum ɗaya, yaran ne zasu manna su yi wa gefen ado. A ƙarƙashi ki rubuta abinda zasu kira shi. Kakarsu ta wajen uba Dadi, kakan Dada. Ƙanin babansu Chacha, 'yar'uwar babansu Phuphu, ki tambaye shi yadda ake faɗa a gidansu don akwai ɗan bambanci gida gida. Su a wajensu kakar wajen uwa sunanta daban, Nani, kinga Hajiya ta samu sabon suna kenan, ki saka hotonta ita ma a littafin, shafinta yana kallon na Dadi. Kullum kafin barci a buɗe a gaishe da kowa. Ranar da kuka sauka yaron nan ɗan uku da rabi ya kalli tsohuwa ya ce Dadi ba tare da an tura shi ba, kuɗin hotunan ya fita.

A shafukan ƙarshe ku tara kalmomi. Urdu cike take da Larabci kamar Hausa, don haka akwai tsani a shirye: mu ce duniya su ce duniya, mu ce sabulu su ce sabun, alƙalami kalam, labari khabar, shayi chai. Rubutun ma da baƙaƙen Larabci ne daga dama zuwa hagu, sun dai ƙara wasu haruffa kamar yadda ajaminmu ya yi, babbar da take islamiyya zata gane alif da ba ta ji kanta ya fasu. Ku koyi ƙirga, ek, do, tin, char, panch. Mutanen Haidarabad kuma suna da irin tasu Urdun da ake kira Dakhni, in zasu ce eh sai su ce hau, in a'a ko bana so sai su ce nakko. Ki koya wa ƙaramin nakko ki ga yadda zai addabi gidan da ita, kuma ranar da ya faɗa wa Dadi a waya sai ta yi dariya har da hawaye.

Aikin hannu kuwa ki fara da Charminar ɗin. Char huɗu, minar hasumiya. Kwalin sabulu ko na shayi mai kusurwa huɗu, ki yanke ƙofa mai baka a kowane gefe, kwalin cikin tishu guda huɗu a manna a kusurwoyi, a ɗora murfin roba a kan kowanne, a shafa fenti ruwan ƙasa. A ajiye shi kan talabijin. In kun je ki kai su wajen da yamma su tsaya a ƙarƙashinsa su ɗaga kai, kar ki ce komai, ki bari ita ta gane. A jikinsa akwai wani layi Laad Bazaar, kasuwar awarwaro ce tun zamanin sarakuna, shago bayan shago har rufi suna ƙyalli, nasu na musamman da wani ƙaro ake yi mai suna lak, a gasa shi a wuta ya yi laushi a lanƙwasa a dasa duwatsu ɗaya bayan ɗaya. A gida ku yi naku da zoben kwalin salatif ko ki yanka gorar ruwa zobe zobe, a naɗe da zaren saƙa mai kala a manna 'yan duwatsun da telolin mata suke sa wa kaya. Ki sa ta yi guda biyu masu kyau ta ajiye, tsarabar Dadi da Phuphu. Duwatsun dai ki kula da ƙaramin kar ya kai baki ko hanci.

Lalle ba sai na koya miki ba, can mehndi suke ce masa kuma ba a sallah ko biki babu shi. Ku ɗora tafin hannu a takarda ku zagaye da fensir, ta cika cikin da zane, rabi irin namu rabi irin nasu mai ɗawisu da siffar mangwaro. Sai buga zane a yadi, su da katako sassaƙaƙƙe suke yi, garuruwan Bagru da Sanganer kusa da Jaipur sun shahara da shi, kusa da su oga kuma akwai kalamkari na Machilipatnam da Srikalahasti, kinji kalam ɗin nan na alƙalami ya sake fitowa. Ke dankalin turawa zaki raba biyu ki sassaƙa ganye, ko ki yanka kuɓewa a gicciye ta tsakiya, bakinta da kansa fure ne, a tsoma a fenti a buga a farin ƙyalle. In kin samu sarari wata Asabar ki kai su marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake ɗaure yadi a tsoma a baba, ki ce musu a Gujarat da Rajastan ma haka ake ɗaurewa da zare ana rinawa, bandhani suke kiransa.

Tunda zaku kai tsakiyar Janairu a can zaku riski Sankranti, wajen 14 ga wata. Ranar ce ake sakin patang, takarda mai kusurwa huɗu da tsinke biyu da ake ɗaura wa dogon zare iska ta ɗaga ta sama. Bazan manta ranar farko da muka hau saman bene ba, sama gaba ɗaya ta cika da kaloli kamar an watsa alewa, kowane rufi akwai mutane, yara da manya, musulmi da Hindu, in wani ya tsinke zaren wani sai ihu ya tashi daga rufi zuwa rufi, ɗana yana riƙe da ƙafata yana tsalle bakinsa a buɗe. Wannan aikin ki bar wa babansu, babu ɗan Haidarabad da bai san haɗa patang ba, tsinken tsintsiyar kwakwa da leda ko takarda sun isa, kuma iskar hunturun Kano zata ɗaga ta. Ki dai sani can wasu suna shafa wa zaren garin gilashi, manja, yana yanka hannu sosai, na roban ma hukuma ta hana shi, kar ki bar yara su kama zaren da suka tsinta, kuma saman bene hannunki a nasu.

Akwai abu biyu da duk inda kika duba aikin hannun Indiya na yara zaki gani, rangoli da diya, gara in miki bayaninsu. Rangoli zane ne a ƙasa a ƙofar gida da garin shinkafa ko garin alli, masu Telugu suna ce masa muggu. Maƙwabciyata Hindu ce, kullum da asuba ina idar da sallah zan ji tana share ƙofa ta yayyafa ruwa, ta tsuguna ta ɗiɗɗiga fari layi layi sannan ta zagaye ɗigon da zare ɗaya na gari yana zuba tsakanin yatsunta biyu, ko minti biyar bata yi, kafin azahar ƙafafu sun share shi gobe ta sake. Na tambaye ta, ta ce min maraba ce ga baƙo kuma maraba ce ga abin bautarsu ta arziki. Diya kuma fitilar yumɓu ce da mai da lagwani, kamar aci-balbal ɗinmu, ita suke jerawa a bikin Diwali wajen Oktoba ko Nuwamba. Kinga duka biyun suna da jiɓi da ibadarsu. Abinda ni nayi da nawa yaran, mun yi wasan haɗa ɗigo da layi a takarda don yana koya wa yaro ƙirga da nutsuwar hannu, amma ban yi a ƙofar gida ba kuma ban kunna fitila ranar bikinsu ba. In zuciyarki bata kwanta ba ki bar su gaba ɗaya, babu abinda ya ragu, dangin mijinki ma ba yi suke ba, ko ki tambayi malamin da kika yarda da shi.

Sai dai barin yi daban, raini daban. Yaranki zasu ga wuraren bauta masu gumaka a bakin titi, zasu ga shanu suna yawo ba mai kora, zasu ga mata da ɗigo a goshi, a tsakiyar tafkin Husain Sagar akwai ƙaton mutum-mutumin Buddha a tsaye. Zasu tambaya, kuma da ƙarfi zasu tambaya a cikin oto. Ki shirya amsarki tun yanzu, gajeriya: waɗannan maƙwabtan Dadi ne, addininsu daban, mu Allah ɗaya muke bauta wa, ba ma nuna su da yatsa ba ma yi musu dariya. Allah da kansa ya hana zagin abin bautar wasu a Suratul An'am aya ta 108, kuma a Hujurat aya ta 13 ya ce ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu ne don mu san juna. Likitan da zai duba su in sun yi mura wataƙila Hindu ne, mai kawo madara ma haka.

Yanzu kukan yarinyar, wanda shine ya fi tsaya min a rai a duk saƙonki. Kar ki ce mata ƙyale su, kuma kar ki ce ai ke Bahaushiya ce ba 'yar Indiya ba don ki lallashe ta, wannan yanke mata rabin jiki ne. Ki zaunar da ita ki ce eh ke 'yar Indiya ce kuma 'yar Kano ce, gida biyu gare ki, Dadi tana sallah biyar kamar Hajiya. Ki bata jimla ɗaya da zata iya mayarwa in an sake tsokanarta, kamar kakata musulma ce kuma garinsu akwai masallacin da ya haura shekara 400. Sannan ki je makarantar ki samu malamar ajin a natse, in ta yarda yarinyar ta kai Charminar ɗinta da awarwaron aji ta nuna, yaran da suke tsokana sau da yawa su ne zasu fara cewa a sam musu.

Kuma in gaya miki gaskiya tun kafin ku tafi, can ma za a iya samun mai magana akan fatarta ko gashinta, son farar fata yana da ƙarfi a Indiya kamar yadda yake damun mu anan, za a kalle ku a kasuwa, wani ma ya nemi hoto. Shi ya sa na ce ki zaɓi littafi mai yara masu duhun fata, mutanen kudancin Indiya da yawa sun kai mu duhu. Ki kuma gaya mata ba ita ce farkon mai jinin Afirka a garin ba. Akwai mutanen da ake kira Siddi, jikokin 'yan Afirka ne, a Haidarabad akwai unguwa guda A.C. Guards da ta samo sunanta daga dakaru 'yan Afirka mahaya dawaki na sarkin garin wato Nizam, har yau zuriyarsu na nan. Kafin su akwai Malik Ambar, haifaffen Habasha da aka kai shi a bawa ya zama mai juya mulkin Ahmadnagar a wannan yankin na Dekan har rasuwarsa a 1626, sarakunan Mugal na arewacin Indiya suka yi ta fama da shi basu iya da shi ba. Wannan labarin in ta ƙara girma zai mata amfani.

Shi kuma oga, ki gaya masa Anti ta ce maganar in sun je zasu gani bata isa ba. Yaro in ya sauka cikin mutanen da bai sani ba, yare daban, yaji daban, kowa yana son ɗaukarsa, maƙalewa zai yi a jikin uwa sati biyu yana kuka, kuma tsohuwar da ta jira shekara shida ita zata fi kowa jin ciwo. Ba sai kin masa da faɗa ba, maza da yawa da suke aiki a ƙasar wani suna binne kewar gida ne don kar ta hana su aiki. Ki ajiye masa littafin hotunan a gefen abincinsa kawai ki ce yara suna tambaya wanene wannan. Ki nemi minti 15 ranar Lahadi, ya basu labari ɗaya na yarintarsa, ya rera musu abinda Dadi take rera masa, ya murza roti, gurasarsu ta alkama, tare da su, ko ya gaya miki yadda ake sheer khurma, siririyar taliyar nan da madara da dabino da suke sha da safen ƙaramar sallah. Kuma ku tsayar da lokacin bidiyo kol, suna gabanmu da awa huɗu da rabi, ƙarfe 4 na yamma a Kano 8 da rabi ne na dare a can, daidai an dawo daga makaranta ita kuma ta idar da isha. Kar ya zama gaisuwa kawai a miƙa waya, a nuna mata abinda aka yi a satin, ita ma ta nuna musu wani abu a ɗakinta.

Ranar da zaku yi zanen lallen ki aika a ɗauko Hajiya, ki ce yara suna so ta nuna musu irin na da, na zamanin da ake ƙunshi da ganye da zunguru. Tana zaune hannun jikarta a cinyarta sai ki kira Haidarabad, ki juya wayar su ga juna su yi sallama, wannan kalmar dai basu buƙatar tafinta. Kafin tafiya kuma ki tambaye ta me za a kai wa Dadi daga wajenta, ki bari ita ta zaɓa, ko turaren wuta ne ko darduma ko atamfa. In kun dawo ki rubuto min yadda aka yi, ina so in ji abinda yarinyar ta ce a ƙarƙashin Charminar.